FUNFUNAR GYAƊA: BAƘUWAR DA KE JIRAN BANGO YA TSAGE

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Wudil ta ratsa Gaya, ko ya kewaya ƙauyukan Ajingi irin su Toranke da Balare da Gafasa daga ƙarshen watan Satumba zuwa Oktoba, zai tarar da jama'a sun duƙufa kan cirar gyaɗa. Maza suna tono, mata da yara suna tsinka, harawa kuma an ɗaure ta dami dami an ɗora bisa itace saboda dabbobi. Ƙasar wannan yanki jigawa ce, irin wadda gyaɗa ke so, don haka tun zamanin kakanni da ita magidanci ke ɗinka wa iyali tufafi, da ita uwargida ke matsar mai da suyar ƙuli-ƙuli.

Amma cikin wannan albarka akwai wata abokiyar gaba wadda ido bai cika ganinta ba, wadda kuma masana ilmin kimiyya suka shafe fiye da shekara 60 suna bin diddiginta. Funfuna ce, sunanta a wurin masana Aspergillus flavus, dafin da take zubawa cikin ƙwayar gyaɗa kuwa ana ce da shi aflatoksin. Babban darasin da binciken ya koyar shi ne, wannan funfuna ba ta cin gyaɗa da ƙarfin tsiya. Jira take yi sai mai masaukinta ya raunana. Ashe gaskiyar Bahaushe ne da ya ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

MECE CE FUNFUNA?

Funfuna halitta ce mai rai, ba tsiro ba ce, ba kuwa dabba ba. Ba ta iya haɗa abincinta daga hasken rana kamar yadda ganye ke yi, sai dai ta miƙa wasu siraran zare cikin jikin wani abu, ta narkar da shi, ta tsotse. Idan ta ƙoshi sai ta fitar da iri mai kama da ƙura, wanda iska ke kwasa ta watsa ko'ina.

Bahaushe ya daɗe da sanin danginta ko da bai haɗa su zuri'a ɗaya ba. Furfurar da ke fitowa bisa tuwon da ya kwana biyu funfuna ce. Burtuntunar da ke mayar da zangarniyar dawa baƙin gari ita ma funfuna ce, haka nan makero da ke cin kan yara, da kyasbi da ke ɗiga a fata. Mafi yawan ire-irenta ba su cutar da kowa, har ma suna da amfani, gama su ke ruɓar da ganye ya zama taki, da ɗaya daga cikinsu ake kumbura burodi, daga wata kuma aka samo maganin nan fenisilin. Kaɗan ne masu ɓarna, kuma Aspergillus flavus tana cikinsu. Mazauninta ƙasa ne, tana cin ragowar kara da ganye, launinta tsanwa ne mai ratsin ɗorawa, kuma ta fi jin daɗin wuri mai zafi.

TALO-TALON INGILA

Yadda aka gano dafin abin mamaki ne, domin ba a ƙasar gyaɗa aka fara lura da shi ba. A shekarar 1960 sai talo-talo fiye da 100,000 suka mutu a gidajen kiwon tsuntsaye na Ingila cikin 'yan watanni, aka rasa gane dalili. Da aka bi sawu sai aka tarar duk sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa wadda aka kawo daga ƙasar Burazil. Kafin ƙarshen shekarar 1961 masana a Ingila sun tabbatar da cewa funfuna ce ta zuba guba cikin tunkuzar, daga baya kuwa aka raɗa wa gubar suna daga sunan funfunar. An tarar tana da manyan nau'o'i 4, kuma wanda ake kira B1 shi ya fi muni.

Wannan labari ya tayar da hankalin hukumomin Jihar Arewa, gama a lokacin Nijeriya tana kan gaba cikin ƙasashen duniya wajen fitar da gyaɗa. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a shekarar 1911 ciniki ya buɗe, har aka kai ga dalar gyaɗar nan da Kano ta yi suna da ita, wadda gyaɗar ƙasar Gaya tana cikin abin da aka gina ta da shi. Idan Turawa suka ƙi saye, to, abin da ya ci Doma ba zai bar Awe ba: daga manomi har baitulmali kowa zai ji a jikinsa.

AIKIN SAMARU

Saboda haka Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, wadda ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a shekarar 1962, ta tashi tsaye. Masana biyu na cibiyar, McDonald da Harkness, sun yi shekaru cikin 1960 da 'yan kai suna gwaje-gwaje a wurare irin su Mokwa da Kano, suna auna gyaɗa tun daga ranar cira har zuwa shiga buhu. Abin da suka gano har yau shi ne ginshiƙi. Gyaɗar da aka cire a kan kari, kwansonta lafiya lau, galibi ba ta ɗauke da dafi. Inda dafi ya fi taruwa shi ne cikin wadda fartanya ta sare, ko gara ta huda, ko aka bari ta wuce lokacinta a ƙasa, ko wadda tushenta ya mutu kafin a cire, sa'an nan da wadda aka tara jibgi ta daɗe ba ta bushe ba.

Daga baya ciniki ya durƙushe saboda wasu dalilai. Farin 1972 da 1973 ya yi ɓarna, cutar kuturun gyaɗa ta shekarar 1975 ta ƙarasa, hankalin ƙasa kuma ya koma kan man fetur. Amma ko da noman ya farfaɗo, sai aka tarar aflatoksin ya zama ƙyauren da ya rufe kasuwar Turai. Dokar Tarayyar Turai ba ta yarda gyaɗar da mutum zai ci kai tsaye ta ɗauki fiye da kashi 4 cikin biliyan ɗaya ba. Watau giram 4 kacal cikin tan 1,000 na gyaɗa.

YADDA BANGO KE TSAGEWA

Tambayar da ta rage ita ce: tun da funfunar tana cikin ƙasar kowace gona, me ya sa wata gyaɗar ke tsira wata kuma ta kamu? Amsar ta fito fili cikin shekarun 1980, daga wani ɗakin binciken gyaɗa da ke garin Dawson na jihar Jojiya a Amurka, inda aka gina fangali na musamman waɗanda ake iya hana musu ruwa, a kuma ƙara ko a rage zafin ƙasarsu yadda aka ga dama.

Gyaɗa dai tsiro ce mai ban al'ajabi. A sama take fure, sa'an nan wani ɗan tsinke ya fito daga gindin furen ya sunkuya ya soki ƙasa, a can cikin duhu 'ya'ya ke ƙulluwa. Ke nan tun daga ranar farko 'ya'yanta a tsakiyar gidan funfuna suke kwana. Sai dai Allah bai bar ta haka kawai ba. Garkuwarta ta farko kwanso ne, ta biyu jar fatar nan da ke lulluɓe da ƙwaya. Ta uku ita ce mafi ban mamaki: muddin ƙwayar tana da isasshen ruwa a jikinta, da zarar ta ji zaren funfuna ya taɓa ta sai ta haɗa wasu sinadarai na kare kai, waɗanda masana ke kira fitoaleksin, su tsayar da baƙuwar tun a bakin ƙofa.

To, idan ruwan sama ya ɗauke cikin makonni 4 zuwa 6 na ƙarshe kafin cira, ganye ya yanƙwane inuwa ta ragu, rana ta gasa ƙasa har zafinta ya kai wajen digiri 28 zuwa 31 a inda 'ya'yan suke, sai ƙwayar ta fara bushewa tun ba ta ƙosa ba. A nan ne take daina haɗa sinadaran tsaron. Ita kuwa funfuna ɗan ruwan da ya rage ya ishe ta, zafin kuma daɗinta ne, alhali sauran ƙananan halittun ƙasa da ke gasa da ita sun sare. Haka nan a lokacin fari ne gara da ƙadandoniya ke far wa kwanso suna neman laima, suna buɗe mata ƙofofi. An ga cewa fari shi kaɗai ba tare da zafin ƙasa ba bai cika jawo dafi mai yawa ba, haka zafi idan akwai ruwa. Haɗuwarsu ita ce musiba.

Mai karatu da ya san ƙasar Gaya da Ajingi zai gane dalilin da ya sa wannan bayani ya shafe su ƙwarai. Damina a nan gajera ce, daga wajen Yuni zuwa Satumba, kuma sau da yawa takan ɗauke ba sallama. Jigawa kuwa ba ta riƙe ruwa, ga saurin ɗaukar zafi. Manomin da ya yi shuka a makare, ko ya shuka iri mai daɗewa, shi ne 'ya'yan gyaɗarsa ke cika daidai lokacin da ƙasa ta bushe.

Bango na biyu bayan cira yake tsagewa. Idan aka tara gyaɗa ɗanya aka yi mata tsibi, ko ruwan ƙarshe ya dake ta a shanya, ko aka zuba ta a buhun leda tun ba ta bushe ba, ko aka yayyafa mata ruwa don ta yi saukin ɓarewa ko ta ƙara nauyi a sikeli, to, an shimfiɗa wa funfuna tabarma. Masana sun ce sai ruwan jikin ƙwaya ya sauka ƙasa da kashi 8 cikin 100 kafin ajiya ta yi aminci.

DAGA ƘWAYA ZUWA HANTA

Dafin ba shi da ɗanɗano, ba shi da wari, kuma wuta ba ta kashe shi. Suya da dahuwa suna iya halaka funfunar, amma mafi yawan gubar tana nan. Bugu da ƙari ba ya bazuwa daidai cikin buhu. Yana taruwa ne cikin 'yan ƙwayoyi kaɗan, ƙanjamammu, masu baƙi ko tsanwa, masu ɗaci. Wake ɗaya ke ɓata gari: idan aka niƙa su tare da masu kyau, duk ƙullin ya ɗauka. Idan kuma aka matse mai, kaso mafi tsoka na dafin cikin tunkuza yake zama, watau cikin ƙuli-ƙuli da yajin tsire da abincin kaji. Saniyar da ta ci gurɓataccen abinci tana fitar da wani nau'insa cikin madara, haka ma uwa mai shayarwa.

A jikin ɗan Adam hanta ce ke karɓar baƙon, gama aikinta ne tace duk abin da aka ci. Abin tausayi, a ƙoƙarin da take yi na narkar da B1 don ta fitar da shi, sai ta juya wani sashensa ya koma wani abu mafi kaifi, wanda ke manne wa ƙwayoyin gado na cikin hantar ya ɓata rubutunsu. A shekarar 1991 masana da suka duba majinyata daga ƙasar Sin da kudancin Afirka sun gano ainihin wurin da ɓarnar ta fi aukuwa, a jikin wata ƙwayar gado mai suna p53, wadda aikinta shi ne tsawata wa tsoka kada ta yi girman da ya wuce ƙa'ida. Idan mai tsaro ya makance, sai ciwon daji ya samu hanya. Tun a shekarar 1987 hukumar binciken ciwon daji ta Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta sa aflatoksin cikin rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo wa mutum wannan ciwo.

A nan ma ƙa'idar tsagewar bango ba ta canja ba. Hantar da ciwon hanta nau'in B ya riga ya raunana ita ta fi faɗawa haɗari, har an ƙiyasta cewa dafin ya fi yi mata illa wajen ninki 30 bisa hantar da ba ta da cutar. Wannan ciwo kuwa ya yawaita a Afirka ta Yamma.

Idan dafin ya yi yawa ainun yakan kashe nan take. A yammacin Indiya a shekarar 1974 mutum fiye da 100 sun rasu bayan cin masarar da ta yi funfuna, a gabashin Kenya kuma a shekarar 2004 mutum 317 suka kwanta, 125 suka riga mu gidan gaskiya. Amma ɓarnar da ta fi yawa ita ce ta sannu a hankali. Wani bincike da aka buga a shekarar 2002 kan yara 480 a ƙasashen Benin da Togo ya tarar da alamar dafin cikin jinin kusan dukkansu, ya kuma nuna cewa tana ƙaruwa bayan yaye, kuma ta fi yawa ga yaran da suka tsumbure. Wannan abin lura ne ga duk gidan da ake yaye da kunun gyaɗa.

Akwai wani abin takaici da ya kamata ma'aikatan hukuma su sa wa ido. Idan manomi ko ɗan kasuwa ya tsince gyaɗa, mai kyau ta tafi Dawanau, ita kuwa tsintar ba a zubar da ita. Ana sayar da ita da araha ga masu matsar mai, ko a yi miya da ita a gida, ko a watsa wa kaji. Ta haka dafin da aka tsame daga buhun mai kuɗi yakan koma cikin kwanon talaka. Araha dai ba ta ado.

DA ƊAN GARI AKAN CI GARI

Binciken bai tsaya kan gano cuta ba. An lura cewa ba kowace Aspergillus flavus ke yin dafi ba. Haɗa aflatoksin aiki ne na ƙwayoyin gado kusan 30 da ke jere wuri ɗaya, kuma akwai dangin funfunar da Allah Ya halitta da giɓi a wannan jeri, don haka ko sun ci gyaɗa ba su iya zuba komai. Wani masani Ba'amurke, Peter Cotty, ya gwada watsa irin waɗannan a gonakin auduga na jihar Arizona, ya ga suna riga masu dafin kama wuri, su hana su sakat.

Cibiyar IITA ta Ibadan, ƙarƙashin jagorancin Dokta Ranajit Bandyopadhyay, tare da Ma'aikatar Gona ta Amurka da wasu jami'o'i, ta ɗauko wannan dabara. Ba a shigo da baƙuwar funfuna daga waje ba. An tattara dubban samfura daga ƙasar Nijeriya, aka tace, aka zaɓi dangi 4 marasa dafi. Su ne ake shafawa a jikin ƙwayar dawa wadda aka gasa don kada ta tsira, a rina ta shuɗi don kada wani ya ci. Sunan wannan haɗi Aflasafe, kuma hukumar NAFDAC ta yi masa rajista a shekarar 2014. Manomi yana watsa kilo 10 a kowace hekta da hannu, kamar yadda ake watsa taki, makonni 2 zuwa 3 kafin amfanin gona ya yi fure, lokacin da ƙasa ke da laima. Gwaje-gwajen da aka yi a gonakin manoma sun nuna dafi yana raguwa da kashi 80 cikin 100 ko fiye, a gyaɗa da masara, kuma kariyar tana bin amfanin har cikin rumbu.

Ta wajen iri kuma, Samaru da cibiyar ICRISAT mai ofishi a Kano sun fitar da gyaɗa mai saurin nuna, kamar SAMNUT 24 ta shekarar 2011, wadda ke ƙosawa cikin wata 3 ko ƙasa da haka, tana kuma jure kuturu. Irin wannan takan riga fari kammalawa, bango bai kai ga tsagewa ba.

ABIN DA YA RAGE

Kada mai karatu ya ɗauka sai da kayan kanti ake samun tsira. A ƙasar Gini an yi gwaji a ƙauyuka 20, aka buga sakamakonsa a shekarar 2005. Rabin ƙauyukan an koya musu abubuwa masu sauƙi: tsince ruɓaɓɓiya da hannu, shanya bisa tabarma maimakon ƙasa, tabbatar da bushewa sarai, zubawa cikin buhun algarara mai shan iska, ɗora buhu bisa katako, da maganin ƙwari a ɗakin ajiya. Bayan wata 5 aka auna jinin mutane, aka tarar alamar dafin a jikinsu ba ta kai rabin ta sauran ƙauyukan ba. Babu ɗaya cikin waɗannan da ya fi ƙarfin manomin Kademi ko na Kunkurawa.

Nauyin isar da wannan ilmi yana wuyan ma'aikata. Hedkwatar shiyya ta 3 ta hukumar KNARDA a Gaya take, kuma malaman gona su ne kunnen manomi: shuka da wuri, iri mai sauri, cira a kan kari, hattara da kaifin fartanya, busarwa ba tare da jinkiri ba. Ma'aikatan lafiya nasu aikin shi ne toshe ɗaya tsagar, domin tun shekarar 2004 allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B ta shiga jerin alluran yara a Nijeriya, ana yin ta farko a ranar haihuwa, sauran a mako na 6 da na 10 da na 14. Hukumomin ciniki kuwa su sani manomi ba zai dawwama kan wahalar tsinta ba muddin tsabtatacciya da gurɓatacciya kuɗinsu ɗaya a kasuwa. Ƙungiyoyin mata masu matsar mai su ma sun cancanci a je musu har gida da bayani, tun da ta hannunsu gyaɗa ke isa bakin yara.

Ga ɗalibai kuma fili a buɗe yake. A shekarar 2022 Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin funfuna 19 masu barazana ga ɗan Adam, tana kukan ƙarancin masu bincike a kansu. Cikin 4 da ke kan gaba akwai 'yar'uwar ta gyaɗa, Aspergillus fumigatus, wadda ke samun mafaka cikin ramukan da tarin fuka ya bari a huhu. Jami'ar Bayero da jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil suna kusa, ƙasar Gaya da Ajingi kuwa ga ta nan da gonakinta da rumbunanta da kasuwanninta, tana jiran 'ya'yanta su auna ta da kansu.

Ba wanda ya ce a daina cin gyaɗa, gama abinci ce mai gina jiki, kuma dukiyar talaka ce. Abin da ake nema shi ne a kula da ita tun daga kunya har zuwa kwano, a kuma binne ruɓaɓɓiya maimakon a ba mutum ko dabba. Rigakafi ya fi magani. Allah Ya ba manoma damina mai albarka, Ya kuma kai su kaka lafiya.